Gaskiya Dokin Ƙarfe: Tsokaci a Kan Inshorar Keke da Riƙon Amana

Gabatarwa

Wani dare cikin daminar shekarar 2023, ina zaune ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai ga waya daga ƙanena da ke aikin jinya a wani asibiti a arewacin Ingila. Tun daga sallamarsa na san ba lafiya ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, an sace mini keke." Na jajanta masa kamar yadda aka saba, na ce Allah ya mayar da alheri, a zuciyata kuwa ina cewa ai keke bai kai a tayar da mutum tsakar dare ba. Sai da ya faɗi kuɗin keken, fam 3,000, sannan na ajiye alƙalami na gyara zama. Keke ne irin na tsere, wanda aka ƙera gangar jikinsa da zaren kabon, don rashin nauyi yaro ma yana iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Ya same shi ne ta wani tsari da gwamnatin Birtaniya ta ɓullo da shi a 1999, inda ma'aikaci kan karɓi keke ta hannun wurin aikinsa, a riƙa cire kuɗin daga albashinsa wata-wata. Ke nan keke ya tafi, bashi ya zauna.

Na tambaye shi ko bai yi wa keken inshora ba. Ya ce ya yi, ta sata da ta haɗari duka, amma akwai magana. Kamfanin ya gindaya sharaɗi cewa duk lokacin da zai bar keken a waje, sai ya ɗaure gangar jikinsa da wani abu kafaffe, da irin kwaɗon ƙarfen da kamfanin ya amince da shi. Yana da kwaɗon, sai dai nauyi gare shi. Ran nan ya makara, ya bar shi a gida, ya ɗauki wata 'yar siririyar waya ya ɗaure keken da ita. Ɓarawo ya zo ya datse ta. Ya ce, "Yaya, ga takardar neman diyya a gabana. Sun tambayi irin kwaɗon da na sa. Ba wanda ya gan ni. Rasit ɗin babban kwaɗon yana nan, makullansa biyu suna nan. In na rubuta shi za su biya, in na rubuta gaskiya ko kwabo ba zan gani ba, ga shi wata da watanni ina zuba musu kuɗi. Me ka gani?"

Wannan tambaya ce ta haifi wannan maƙala. Ni malamin adabi ne, sha'anin inshora ba fagena ba ne. Abin da nake so mu duba tare da mai karatu shi ne: idan mutum ya ƙulla alkawari da wanda ba shi da fuska, wato kamfani, shin alkawarin yana da nauyin wanda aka ƙulla da maƙwabci? Kuma ƙaryar da ba mai gano ta, ba kuma wani takamaiman mutum da za a nuna a ce shi ta cuta, ƙarya ce cikakkiya ko kuwa dabarar zaman duniya ce kawai?

Mene ne Ake Saye?

Kafin a yanke hukunci a kan ciniki ya kamata a san hajar da ke kan faifai. Wanda ya sayi keke ya ga abin da ya saya, ya taɓa, ya hau. Wanda ya sayi inshora kuwa da takarda kawai yake komawa gida, kuma babban fatansa kada ranar amfani da ita ta zo.

Mu ƙaddara, alal misali, akwai mutum 1,000, kowa da keke na fam 3,000, kuma an lura cewa a kowace shekara kekuna 20 daga ciki kan salwanta, ko ta sata ko ta haɗari. Jimillar asarar ita ce fam 60,000. Idan kowa ya zuba fam 60 a asusu guda, an sami abin da za a mayar wa mutum ashirin ɗin nan kekunansu. Ba wanda ya san ko su wane ne ashirin ɗin, amma ana iya ƙiyasta yawansu. Kamfanin inshora shi ne mai riƙe da wannan asusu, kuma yakan ɗora kuɗin ma'aikatansa da ribarsa a kan zubin, don haka abin da kowa zai biya ya zarce fam 60.

To, me zai sa mai hankali ya biya fiye da rabonsa na asarar? A 1738 masanin lissafi Daniel Bernoulli ya ba da amsa, har ya kafa misali da ɗan kasuwa mai jigilar kaya ta teku. Ya nuna cewa zafin asara ba ya tafiya daidai da lissafin kuɗi: ƙaramin abin da aka rage wa mutum a kai a kai yana iya jure masa, amma babbar asara lokaci guda tana iya kai shi ƙasa. Bahaushe bai jira Bernoulli ba kafin ya san haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa ake gayya, ake adashi, ake kai gudummawa ga wanda gobara ta cinye wa rumfa a kasuwa. Bambancin shi ne gudummawa tana zuwa ne bayan abu ya faru, tsakanin mutanen da suka san juna, kunya da zumunci su ne takardarta. Inshora kuwa ana ƙulla ta ne kafin abu ya faru, tsakanin mutanen da ba za su taɓa haɗuwa ba, don haka dole a rubuta.

Tarihinta ma daga nan ya taso. Ɗaya daga cikin tsofaffin takardun inshora da aka sani an rubuta ta ne a birnin Jenowa na Italiya a 1347, a kan jirgin ruwa. Gobarar Landan ta 1666, wadda ta cinye gidaje fiye da 13,000, ita ta buɗe ƙofar inshorar gobara a Ingila. A wajejen 1688 kuma masu jiragen ruwa da masu kuɗi suka riƙa taruwa a shagon gahawa na Edward Lloyd suna raba haɗarin teku a tsakaninsu. Takardar da ke gaban ƙanena jikanyar waɗannan ce.

Caca ko Tawakkali?

Akwai masu cewa inshora caca ce da ta sa babbar riga: kai ka ce za a sace, kamfani ya ce ba za a sace ba, wanda maganarsa ta tabbata ya kwashe. Kamannin yana nan, amma akwai bambanci mai tushe. Ɗan caca shi ke ƙirƙiro wa kansa haɗarin da bai wanzu ba kafin ya zauna a kan tabarma. Mai keke kuwa haɗarin yana tare da shi tun ranar da ya fito da keken daga kanti, neman masu taya shi ɗauka kawai yake yi. Turawan Ingila sun ɗanɗana kuɗarsu kafin su gane wannan iyaka, domin an yi zamanin da mutane ke yin inshora a kan rayukan waɗanda ba su haɗa komai da su ba, suna jiran mutuwarsu, har sai da majalisa ta hana a 1774. Daga irin wannan ne ƙa'idoji biyu suka kafu: ba ka yin inshora sai a kan abin da asararsa za ta shafe ka, kuma a inshorar kaya diyya ba ta wuce asara. Ana mayar da kai inda kake ne, ba a kai ka gaba.

Malaman Musulunci sun daɗe suna tattauna wannan al'amari. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, yana cikin na farkon da suka yi magana a kan inshorar jiragen ruwa, kuma bai halatta ta ba. A ƙarni na ashirin Mustafa al-Zarƙa na Siriya ya tafi a kan halaccinta. A 1985 Majalisar Fiƙihu da ke Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai yawa, wato rashin tabbas a kan abin da aka yi ciniki a kansa, ta kuma amince da wadda aka gina a kan taimakon juna. Wannan ita ce takaful, wadda kamfaninta na farko ya buɗe a Sudan a 1979, Maleshiya ta yi mata doka a 1984, hukumar kula da inshora ta Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinta a 2013. Fatawa ba hurumina ba ce. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, duk wannan saɓani a kan siffar yarjejeniya ne. Da masu halattawa da masu haramtawa, ba wanda ya ce idan ka riga ka shiga, ƙarya ta halatta gare ka.

Game da tawakkali kuwa, kowa ya san labarin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya haɗa biyun. Idan aka lura, sharaɗin kwaɗon nan igiyar raƙuma ce. Kamfanin bai nemi ƙanena da wani abin da tarbiyyar gidansu ba ta riga ta neme shi da shi ba.

Tsautsayi, Sakaci da Ganganci

Harshen Hausa ya raba musabbabin ɓarna gida uku, kuma duk takardar inshora a kan wannan rabo take tafiya. Tsautsayi shi ne wanda ba a sa masa rana: kana tafe kare ya gitta, ko taya ta faɗa rami, ka kife. Keken ƙarfe irin na da yakan lanƙwashe, mai gyara ya buga ya miƙar. Na zaren kabon tsagewa yake yi, wani lokaci tsagar ma ido ba ya ganinta, kuma sau da yawa sai dai a sauya gangar jikin gaba ɗaya. Irin wannan ne inshorar haɗari take biya. Ganganci shi ne mutum ya ga ɓarna ya nufe ta, kuma ba mai biyan wannan. Haka nan ba a biyan cinyewar taya, ko sakin sarƙa, ko ƙarewar robar birki, domin waɗannan tabbas ne, inshora kuwa da "wataƙila" kawai take ciniki.

Sakaci shi ne na tsakiya, kuma a nan rigimar take. Masu inshora sun daɗe da lura cewa wanda ya san za a biya shi, hannunsa yakan yi sanyi wajen tsare kayansa. Masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya shigar da wannan batu cikin nazarin ilimi a 1963, lokacin da yake rubutu a kan inshorar lafiya. Mu ma a nan ba baƙon abu ba ne gare mu. A dubi yadda ake tuƙa motar ofis da yadda ake tuƙa ta gida, ko a dubi kujerun ɗakunan lacca da famfunan ɗakunan kwanan ɗalibai. Da zarar an ce abu "na gwamnati ne", sai ya zama maraya. Haɗarin da ke cikin inshora shi ne ta mayar da keken mutum na kansa ya zama kamar na gwamnati a idonsa.

Saboda haka ne kamfanoni kan sa mai kaya ya ɗauki wani kaso na farko na kowace asara daga aljihunsa, wasu su rage kuɗin diyya gwargwadon tsufan keke, su kuma ambaci irin kwaɗon da za a yi amfani da shi. A Birtaniya akwai wata cibiya mai suna Sold Secure da ke gwada ƙarfin kwaɗuna tana ba su daraja hawa-hawa, kuma yawanci gwargwadon tsadar keke, gwargwadon darajar kwaɗon da za a nema. Abin dariya a nan shi ne mutum ya kashe dubbai don ya rage wa kekensa nauyi, sannan a ce ya goya ƙarfe mai nauyi don ya tsare shi. Wannan nauyi ne ƙanena ya guje wa ran nan. Ya kamata a yi masa adalci: abin da ya yi sakaci ne irin wanda kowannenmu yake yi kullum, mu dai Allah ya rufa mana asiri ɓarawo bai biyo ta kanmu ba. Sakacin ba abin kunya ba ne sosai. Abin da ake shirin ɗorawa a kansa shi ne abin dubawa.

Wa Ake Yi wa Ƙarya?

Ƙanena ba maƙaryaci ba ne. Da maƙwabcinsa ne ya ba shi aron keke ya ɓata, da kansa zai je ya faɗi yadda aka yi. Abin da ya sauƙaƙa masa tunanin ƙarya shi ne ɗaya ɓangaren ba shi da ido balle a ji kunyarsa. Wannan ya nuna cewa da yawa daga cikin abin da muke kira gaskiya a zamanmu na yau da kullum, kunya ce. Idan aka ɗauke idon da ake jin kunya, sai a ga abin da ya rage. Shi ya sa nake ganin takardar neman diyya ta fi zauren unguwa iya auna mutum.

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kan wannan gaskiya aka gina dokar inshora. A 1766 alƙalin Ingila Lord Mansfield ya yi shari'ar wani gwamnan sansani a tsibirin Sumatara, wanda aka yi masa inshora a kan faɗawar sansanin hannun abokan gaba, Faransawa kuma suka zo suka ci shi. A cikin hukuncinsa ya bayyana cewa a irin wannan ciniki, ɓangare ɗaya ne yawanci ya san haƙiƙanin al'amari, ɗayan kuwa amincewa kawai yake yi da abin da aka faɗa masa, don haka cinikin ba ya tsayuwa sai da kyakkyawar niyya daga ɓangarorin biyu. Mai sayen saniya yana iya buɗe bakinta ya duba haƙora. Kamfanin inshora ba shi da hanyar komawa ƙofar asibiti ya ga wayar da aka datse. Ke nan abin da ƙanena ya kira "ba wanda ya gan ni", shi ne ainihin ma'anar amana. Abin da ake sa wa ido ba a kiransa amana, sai wanda aka bar ka da shi kai kaɗai.

Sannan mu koma ga lissafinmu na mutum 1,000. Fam 3,000 ɗin da za a biya bisa ƙarya daga ina za su fito? Kamfani ba ya haƙo kuɗi daga ƙasa. Idan diyyar bana ta zarce ƙiyasi, zubin baɗi ne zai tashi. Masu biya su ne sauran mutum 999, waɗanda suka goya kwaɗonsu mai nauyi cikin ruwa da sanyi, cikinsu har da masu kai abinci gida-gida a kan keke, waɗanda da yawansu baƙi ne masu neman na tuwo kamar shi. An raba cutar ƙanana-ƙanana har ba wanda zai ji zafinta, amma raba ta bai hana ta zama cuta ba. Wanda ya ɗebi hatsi tsaba ɗai-ɗai daga rumbu dubu, buhun da ya tara na sata ne.

Masanin falsafa Immanuel Kant ya ba da wani ma'auni a 1785: kafin ka aikata abu, tambayi kanka ko za ka yarda kowa ya mayar da shi ƙa'ida. Kowace uwar adashi ta san wannan ma'auni ko da ba ta taɓa jin sunan Kant ba. Idan kowa ya ce ƙaryarsa ɗaya ba za ta rushe asusu ba, zubi zai yi ta hawa, masu gaskiya su janye, a bar maƙaryata suna cutar juna har asusun ya mutu. Maƙaryacin yana cin moriyar gaskiyar wasu ne, domin ƙaryarsa ba ta da kasuwa sai in yawancin mutane gaskiya suke faɗa. Har ma dogayen sharuɗɗan nan da muke kuka da su, da neman rasit, da neman makullai, da neman lambar rahoton 'yan sanda, kowane ɗaya tabo ne na wata ƙarya da wani ya taɓa yi.

Hujjojin Ƙanena

Ba zai zama adalci ba in kawo nawa in danne nasa, domin hujjojinsa ba na yarwa ba ne. Ta farko, ya ce kamfanonin nan wajen karɓa hannunsu a buɗe yake, wajen biya sai su ɗauko tabarau suna neman inda ka yi tuntuɓe. Akwai gaskiya a nan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma kamfanin da ya ɓoye sharaɗi cikin ƙananan haruffa don ya sami mafaka ranar biya, shi ma ya ci amana. Mansfield kansa ɓangarori biyu ya ɗora wa nauyin. Sai dai na tambaye shi, shin sharaɗin kwaɗon a ɓoye yake? Ya ce a'a, saboda shi ne ma ya sayi kwaɗon. To, laifin da wani kamfani ya yi wa wani mutum a wani wuri ba ya zama lasisi a hannunka.

Ta biyu, ya ce ɓarayin yanzu da injin yankan ƙarfe mai batir suke yawo, ko babban kwaɗon ne za su iya yanke shi, don haka sakacinsa bai sauya komai ba. Wataƙila haka ne. Amma wannan hujja ce da ake rubutawa a takarda a miƙa, a yi jayayya a kanta a fili. A Birtaniya akwai hukuma mai zaman kanta da ke sauraron koke-koken jama'a a kan bankuna da kamfanonin inshora kyauta. Jayayya a kan abin da ya faru haƙƙinka ne. Sauya abin da ya faru kuwa ƙwace wa ɗaya ɓangaren haƙƙinsa na yin jayayya ne, ka zama kai ne mai ƙara, kai ne shaida, kai ne alƙali. Ban ɓoye masa ba kuma cewa dokar inshora ta ƙasar ta 2015 ta ba kamfani ikon ƙin biyan komai idan an sami zamba a neman diyya, ga kuma abin da zai iya biyo baya ga mai aikin da aka gina a kan yarda kamar jinya. Amma ban so ya tsaya a kan tsoro ba, domin wanda tsoro kaɗai ya hana shi, ranar da ya tabbata ba za a kama shi ba zai aikata.

Ta uku ita ce mafi nauyi: buƙata. A 1948 Vittorio De Sica ya yi wani fim a Italiya wanda sunansa ke nufin "Ɓarayin Keke". Wani magidanci ne a birnin Rum ya sami aikin liƙa takardun talla bayan dogon zaman banza, aikin kuma ba ya yiwuwa sai da keke. Matarsa ta jinginar da zannuwan gadonsu aka karɓo kekensa daga jingina, ranar farko ta aiki aka sace shi. Bayan ya gaji da nema, shi da ƙaramin ɗansa, sai ya kai hannu ga keken wani, aka kama shi a gaban yaron. Ba mai kallon fim ɗin da ba zai tausaya masa ba, amma tausayin bai sauya cewa ya so ya sauke masifarsa a kan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Buƙata tana rage zargi, ba ta mayar da abin wani ya zama naka. Balle ƙanena bai kai matsayin wancan mutum ba: aikinsa yana nan, motar haya tana kaiwa asibiti.

A nan ne ma wani abin takaici yake fitowa. Wanda ya fi kowa buƙatar a taya shi ɗaukar asarar keke shi ne mai tallan burodi, ko mai kai itace gari, ko ɗan ƙauyen da ke kai amfanin gona kasuwa a kan tsohon Phoenix. Shi kuwa a garuruwanmu inshorarsa ita ce dangi da abokan sana'a. Idan muka bari gudummawa ta mutu kafin wani tsari amintacce ya tsaya a madadinta, mun bar shi ba tsuntsu ba tarko.

Fitilar Efiktetus

An ba da labarin Efiktetus, masanin falsafar nan na zamanin Rumawa wanda ya tashi a bawa, cewa yana da fitilar ƙarfe, wani dare ɓarawo ya ɗauke ta. Bai yi kururuwa ba, ya ƙudura cewa gobe zai nemi ta yumɓu. Ya kuma yi wa almajiransa lissafin cinikin: shi fitila ya rasa, ɓarawon kuwa ya sayi fitila da tsada, domin ya biya da amincinsa, ya koma ɓarawo. Marubuci Lusiyan ya ce bayan rasuwarsa wani ya sayi fitilar yumɓun nan dirhami 3,000, wanda ke nuna cewa mutane sun fi saurin sayen fitilar malami a kan ɗaukar karatunsa.

Wannan lissafi na yi wa ƙanena. Ɓarawon farko ya ɗauki keke, kuma keke kawai ya iya ɗauka. Abin da ya rage a hannunka, wato kasancewarka mutumin da in ya sa hannu a takarda an gama magana, ba injin da zai yanke shi, kai kaɗai ne za ka iya miƙa shi. Takardar da ke gabanka tayi ce: ana taya wannan abu fam 3,000. Kuma shi ba a yi masa inshora, in ya tafi ba asusun da zai mayar.

Na tuna masa da keken mahaifinmu, Raleigh baƙi, wanda yake shigar da shi har cikin ɗaki da dare, ya goge shi da tsumma kowace safiya kafin ya fita. Bai san wata inshora ba, kulawarsa ce inshorarsa. Ba ina cewa mu koma wancan zamani ba ne. Ina cewa ne mafi kyawun mai inshora shi ne wanda ya biya zubinsa, sannan ya ci gaba da tsare kayansa kamar bai biya ba.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa inshora gudummawa ce tsakanin mutanen da ba su san juna ba, kuma da yake ba kunyar ido a cikinta, ba abin da ke riƙe da ita sai gaskiyar kowane ɗaya a lokacin da yake shi kaɗai. Alkawarin da aka yi da kamfani, a haƙiƙa da sauran masu zubi aka yi shi, don haka nauyinsa bai gaza na maƙwabci ba.

Ƙanena ya rubuta gaskiya, ya haɗa da bayanin uzurinsa. Kamfanin ya amsa cikin ladabi cewa ba zai biya ba. Ya yi makonni bai kira ni ba, kuma watanni da dama bayan haka ana ta cire kuɗin keken da ba shi daga albashinsa. Ba zan ce wa mai karatu wani alheri ya faɗo masa daga sama a madadin abin da ya rasa ba, domin ban ga haka ba, kuma gaskiyar da ake yi don jiran lada a ƙarshen wata ciniki ce. Ni ma na san ba da shawara ya fi biyan bashi sauƙi, shi ya sa na ɗauki wani kaso na bashin, gwargwadon abin da albashin malami zai iya, wato gudummawa irin ta gida ta shiga inda ta kamfani ta tsaya. Daga baya ya sayi wani tsohon keken ƙarfe na hannu, yana ɗaure shi da babban kwaɗon nan, wanda ya ce ya kusa fin keken tsada.

Hausawa kan kira keke dokin ƙarfe, su kuma ce gaskiya dokin ƙarfe ce. Da ina ɗaukar maganar yabo ce kawai ga ƙarfinta. Yanzu ina ganin har da gargaɗi a ciki, domin dokin ƙarfe ba ya tafiya da kansa, mahayinsa ne ke tuƙa shi da ƙafafunsa, kuma a hawan tudu sai ya yi gumi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana a inda ake ganinmu da inda ba a ganinmu, amin.